Rabin Maki a Bodinga

Namiji ba ya neman kunnen doki. Ko dai ya ci, ko a cinye shi. Da wannan aƙida Zainulabidin, malamin lissafi a Bodinga, ya zauna gaban Bahijja 'yar Shagari a zagayen ƙarshe na gasar ces, darar Turawa, ta jiha. Sai ta ci za ta tafi gasar ƙasa a Abuja. Shi kuwa ko raba maki aka yi ya wuce, amma aƙida aƙida ce.

Tun hantsi ake abu ɗaya har la'asar sakaliya. Fanka ta mutu, 'yan kallo sun watse, alƙalin wasa yana gyangyaɗi. Bahijja ta hango hanyar cinye shi, sai dai hanyar doguwa ce, motar Shagari ta ƙarshe kuwa ba ta jiran kowa. Ta dubi gumin da ke ɗiga daga gemunsa, ta ji ya ba ta tausayi.

"Malam, mu raba?"

Ya miƙa mata hannu da sauri, kamar yadda 'yan wasa ke rufe wasa. Ta dafe ƙirji ta sunkuyar da kai. Idi mai hoto ya ɗauka, hoton ya riga ta isa gida.

Zainulabidin ya je Abuja, aka cinye shi, ya dawo da maganar auren Bahijja.

"Wanga yaro mai miƙa ma ɗiyan mutane hannu cikin taro?" in ji mahaifinta, Malam Arzika. "Ga Haruna mai albasa nan, hannunai na cikin aljihu."

Sai saƙonni a waya.

"Sarauniyata, abinci ya ƙi shiga."

"Sojana, taho ka ba Baba haƙuri."

"Ban taɓa fara neman sulhu ba."

"Na lura."

Don haka Inna, mahaifiyarsa, mai ciwon gwiwa, ta hau bas zuwa Shagari. Ta durƙusa a zauren Malam Arzika, ta ƙi tashi har kunya ta kama shi.

"Tashi, Hajiya, don Allah. Na ba shi."

An ɗaura aure, an yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Bahijja ta yi murmushi ƙarƙashin mayafi, a gajiye, amma da gaske. A ƙofar gida ango yana bayyana wa abokai cewa mutum in ya tsaya kan ra'ayinsa, duniya ce ke zuwa ta same shi.

A ɗakin baya Inna ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta ce a miƙo mata man zafi.