Tudun da Halvard Ya Ɓata

Rana ta kusa faɗuwa, Gunvor tana dafa dankali a kan ɗan murhun gas, 'yarta Ylva tana kwance a gadon sama. Tun bara mijinta Halvard ya sayar da gidansu ya sayi wannan motar mai ɗaki, gado da murhu da bayi duk a ciki, wai don su huta da kuɗin wuta da haraji. Halvard kuwa hannun jarirai gare shi. Ba ya kwana a sansanin masu motoci, inda ake biya a samu ruwa da ramin zubar da ƙazanta. Gara ya laɓe da iyalinsa a bakin daji, su sha sanyi kyauta.

Ran nan tankin bayi ya cika. Ya zaro shi, ya nufi wani ɗan tudu mai duwatsu da ke gefen hanya.

"Baban Ylva, ba a zuba abu a irin tudun nan," in ji Gunvor. "Kakata ko ruwan zafi ba ta watsawa sai ta gargaɗi mutanen ɓoye na ƙarƙashin ƙasa."

"To kakarki ta taso ta biya mini kuɗin ramin."

Ya juye shi tas, ya dawo yana fito. Sai iska ta tsaya. Tsuntsayen dajin suka yi tsit, har Gunvor tana jin tafasar tukunyarta kamar a cikin kunnenta. Can dutse na farko ya sauka a kan rufi. Na biyu ya biyo, a hankali, babu gaggawa. Halvard ya haska ko'ina, babu kowa sai duhu.

Suka tashi daga wurin, jifan ya bi su. Duk inda magariba ta same su sai ya fara. Ylva ta daina ci, ta daina magana, tana ta goge fuska da hannu kamar an shafa mata wani abu. Tsoro ya hana Gunvor sakat, ta matsa sai da Halvard ya kai su wurin tsoho Nilas, wanda mutanen yankin suke kai wa irin wannan ciwo ya yi karatu a kai. Duk hanya Halvard yana mitar kuɗin mai.

Nilas ya shigo motar, ya dafa goshin yarinyar, ya yi ta karatu ƙasa-ƙasa har hasken taga ya dushe. Sai bakin Ylva ya buɗe, wata tsohuwar murya mai kauri ta fito.

"Ɗaga hannunka, tsoho. Ba da kai nake ba."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ba komai. Autana yana barci ƙazantar ubanta ta sauko masa a fuska. Gidan da muka gada a cikin tudun ya ɓaci, mun tashi."

"Me zai raba ku?"

"Gida da gida. Ya ajiye mabuɗin motarsa a kan tudun, ya tafi a ƙasa, in sakar masa 'ya."

Gunvor ta ji sanyi a ranta, don a ganinta abin ya zo da sauƙi. Ta juya ta dubi mijinta. Halvard yana kallon sitiyari.

"In na bar muku murhun da batirin fa?" ya ce.

"Baban Ylva!"

"Yi mini shiru. Duk abin da muka mallaka ke nan."

"Yaro," in ji Nilas, "'yarka ce a kwance."

"Na gani, Baba. Ita likita zai iya duba ta. Mota kuwa in ta tafi, ta tafi." Ya tura mabuɗin cikin aljihu, ya dafe.

Muryar ta yi dariya har kofuna suka kaɗa. "Me zan yi da gwangwani mai wari? Na zo in ƙwace masa abin da ya fi so ne, ashe na yi kuskuren kamu. Riƙe kayanka, ɗan Adam. Sai dai ka sani, ban toshe mata kunne ba."

Ƙofa ta buɗe da kanta, wani sanyi ya ratsa ta tsakaninsu ya fice. Nilas ya ɗauki hularsa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ƙi kallon Halvard.

"Kun gani?" in ji Halvard, har da murmushi. "Da na biye muku, da yanzu muna kan titi."

Ylva ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon aljihun ubanta. A motar nan babu ɗakin da mutum zai shiga ya rufe, babu inda zai ɓoye fuska, kuma a nan za su kwana yau da gobe. Gunvor ta rungume ta tana kuka, yarinyar ko ɗigon hawaye.

"Mama," ta ce da muryarta ta ainihi, "nawa Baba ya sayi motar nan? Ina so in san kuɗin da ban kai ba."