Kukan Cikin Rumbu

"Ba ni iya ƙetare maganar Inna, Raihanatu... ta riga ta rantse."

Raihanatu ta dafa bangon zaurensu. Ammar ne fa, wanda magabatansa suka kawo gaisuwa watan jiya, yau ya kasa haɗa ido da ita.

"Rantsuwa bisa mi, masoyina?"

"Cewa ta yi ba ta haɗa zuri'a da mai aljannu."

"Ni ta mai aljannun?!"



Ammar ɗan Jega ne, shi ke karanta Soron Magajiya, jerin labaran ban tsoro da yake turawa da murya a WhatsApp, labarin wani tsohon gida da amaryar da ta mutu a ciki tana jiran angonta. Da farko Raihanatu mai sauraro ce kawai daga Aliero, har ranar da ta tura masa saƙon tsiya.

"Wagga ita ta hwatalwar taka? Ko akuya ba ta razana!"

Ya ce to in ta isa ta gwada. Ita kuwa ba a yi mata cika baki. Da rana tsaka ta shiga rumbun babanta da gero ya ƙare, don murya ta yi amo, ta rera kukan amaryar ta tura masa. Daga ranar bai sake yin kashi ɗaya na labarin ba tare da ita ba, zuciyarsa ma a rumbun ta tare.

Masu sauraro suka haukace. Matan Maiyama suka ce sun daina zuwa rijiya su kaɗai. Wani ɗan kabu-kabu ya rantse saura kaɗan ya faɗa gonar albasa da fasinja. Ita da Ammar su yi ta dariya har da hawaye.

Sai ga Altine, ɗiyar kawunsa, wadda ta daɗe da sa masa ido. Ta zo Aliero da sunan ganin amaryar yayanta, ta laɓe ta ɗauki hoton Raihanatu tana rarrafowa daga rumbu, kai duk ƙaiƙayi, idanu jajur. Ta haɗa da kukan, ta watsa.

"Kun gani? In sun hau kanta, rumbu take shiga!"

Bakunan da suka yabe ta jiya, su suka cinye ta.

"Dama na hwaɗi, ɗan Adam bai iya kukan ga!"

"Allah Shi tsare Ammar!"

Ya yi bayani har muryarsa ta dushe, amma wa ya saurara? Tsoron ya fi musu daɗi. Kafin kasuwar Jega ta zagayo, magana ta kai kunnen Inna.

Yanzu ga shi tsaye a zaure yana share ido da hannun riga.

"Ki yahe mani, hasken raina..."

"Saura kashin ƙarshe," ta ce a hankali. "Inda amarya ta gane angon ba shi zuwa."

"A'a! A bar labarin ga, don Allah."

"Ba a barin ta tana jira, Ammar. Jira na da ciwo."

Bayan la'asar ta shiga rumbun, ta danna waya. Ta buɗe baki za ta ja kukan nan mai tada tsikar jiki, sai ya ƙi zuwa. Abin da ya fito wani siririn kuka ne mai sarƙewa, numfashi na yankewa. Haka ta tura, ba gyara.

Kashin ya fita a makon da aka raba goron auren Ammar da Altine. Ta zauna bakin rumbu tana buɗe saƙonnin ɗaya bayan ɗaya.

"Haba, yau ba ta yi ƙoƙari ba!"

"Kukan ga na ƙarya na, ko yaro ya gane."

"Ashe dai kwaikwayo take yi tun hwarko... mun ɗau alhakin yarinyar ga."

Sun wanke ta ke nan, bayan an gama komai. Raihanatu ta yi wani murmushi mai ɗaci, ta kife wayar a cinyarta.

Duk kukan da ta yi musu na wasa sun ce gaskiya ne. Sau ɗaya ta yi na gaske, shi ne suka ƙaryata.