Wa Ya Cika Randar Tchima?

Washegarin sunan jikar Hajiya Tchima a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari kusa da birnin Greensboro can ƙasar Turawa, rabin mahalarta suka tashi da amai da gudawa. Kafin azahar mata sun yanke hukunci a waya: zoɓon Tchima ne. Hajiya Bebi, wadda ta sha har ta ɗura saura a gora, ita ta fi kowa rantsuwar ta daina cin abin hannunta. Tchima kuwa, da ba a biki a Greensboro sai da tukunyarta, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

To, 'yarta Anissa aikinta ke nan a ɗakin gwaji, tace ruwan teku da na rijiya tana farautar ƙwayoyin cutar hanji. Ta iso da kwalabe da safar hannu, ta fara da yayanta Faïçal.

"Yaya, kaguwar da ka kawo daga bakin teku, wa ya ci?"

"Ni kaɗai. Kowa cewa ya yi gizo-gizo ne."

"Cikinka fa?"

"Lafiya lau, Madam Dakta."

Teku ya fita daga zargi. Zoɓo ma tafasa shi aka yi, yara sun sha ga su suna tsalle. Ta kira Bebi.

"Anti, ban da zoɓo me kika sha?"

"Ruwan randa mana. Ga sanyi ga ƙamshin ƙasa, kamar a gida!"

Anissa ta ɗebi na famfo, na ƙanƙara, na zoɓo da na randar da uwarta ta rungumo tun daga Maraɗi. Ta tace, ta sa a na'ura. Duk suka fito tas, ban da randa: ƙwayar noro, mai saurin kama hanji. Amma ai daga famfo ake cika randar!

Ta zagaya bayan gida, inda aka rufe tsohuwar rijiya tun da ruwan sama ya haɗa ta da ramin masai. An ture murfin. Ga guga a maƙale a reshe, da sabuwar igiya, ga sawun takalmi a jar laka. Ta gwada ruwan, ƙwayar dai ce.

Ta sami ubanta Alhaji Hamissou gaban butar shayi, yana ta kallon rufi.

"Baba, a gidan nan wa ya iya ɗaura wa guga igiya?"

"Duniya da faɗi, 'yata."

"Jar lakar da ke takalminka fa? Kai ba ka shan komai sai tafasasshen shayi, shi ya sa kake zaune garau. Rijiya ta cika randa, randa ta kwantar da mutane."

Tsoho ya sunkuyar da kai. "Uwarki ce kullum take cewa ruwan ƙasar nan warin magani yake, tana kewar na rijiya. Na ce ranar farin cikinta bari ta sha irin na gida."

Ashe Tchima na laɓe a bakin ƙofa.

"Alhaji! Ka bar ni ina kuka kai kana kurɓar shayi?"

"Tsoronki nake ji, Hajiya."

"Ni ko ɗigo ban samu ba, ina can kan tukunya!" Ta share ido da bakin mayafi, murmushi na neman ƙwace mata. Sai ta danna masa waya a hannu. "Kira su ɗaya bayan ɗaya. Fara da Bebi, ka buɗe murya in ji."