Ranar da Faranti Ya Tsallake Mai Jita

"Ajiye farantin nan, Lasubon!"

Hannunta ya tsaya cak, saura ƙiris farantin goron da muke naɗewa a ganye ya kai gaban Shanbor, mai neman aurenta.

"Kawu... baƙo ne fa."

"Na ce ki ajiye!"

Ta ajiye. Kowa a ɗakin bakinsa ya yi jawur da goro, har ni da na shigo aron rariya na ga babu dalilin saurin fita. Mutum ɗaya aka tsallake. Kuma a garinmu Shillong gara a wanka maka mari da a tsallake ka da faranti.

Kawu Lam, yayan mahaifiyarta, ya nuna shi da sanda.

"Kai mai gashin 'yan mata, ka san wace ce wannan? Auta ce! Gidan nan nata ne, lambu nata ne, uwarta da ke kwance a ɗakin can a wuyanta take. Mijin auta nan yake tarewa. To ni ba zan buɗe wa ihu da wayoyi ƙofa ba. Ko jita, ko Lasubon."

"Kawu, da ita nake ci..."

"Da ita kake hana unguwa sakat dai!"

Shanbor ya dubi Lasu. Lasu ta dubi ƙasa, hawaye na ɗiga a kan ƙafarta.

Ya miƙe ya fita cikin ruwan sama, ko laimarsa bai ɗauka ba.

'Yan matan yanzu da kuke manna hoton makaɗan nan Karnukan Hazo a bango, ba ku san farkonsu ba. Ni na sani, don rumfar shayina tana kallon gidan su Lasu a unguwar Laban. Shekarar saba'in da 'yan kai ce. Yara uku ne marasa aikin yi. Ribok yana rera waƙa da Turancin da shi kansa bai gama ji ba. Arki yana dukan fatar akuya da murfin tukunyar kakarsa. Shi kuwa Shanbor, tsohuwar ƙofar gidan uwarsa ya ɓalle ya sassaƙa jita da ita, ya farke rediyon gidan ya jona. Uwar ta bi shi da muciya har bakin famfo.

Wasansu na farko a bikin makarantar unguwa aka yi. Shanbor yana kaɗa wayar jitarsa ta farko wutar Laban gaba ɗaya ta ɗauke ɗif! Aka yi tsit, sai dariyar yarinya ɗaya daga layin 'yan waƙar coci. Shanbor ya sauko daga kan dakali, ya tsaya a gabanta, ya ƙarasa mata kiɗan babu wuta babu lasifika.

Tun daga ranar ta daina dariya, ta koma leƙen taga.

To yanzu ga shi sun yi suna. Wani otal a Kalkata ya aiko yana son su je su yi masa kiɗan Turawa na rok shekara guda. Shi ya sa Shanbor ya yi saurin zuwa gaisuwa, shi ya sa ya kwaso kunya.

Washegari suka haɗu a bayan rumfata. Ni ina wanke kofuna. Kofunan sun wanku ranar, har sau uku.

"Ki biyo ni, Lasu."

"Mei fa? Wa zai kula da uwata?"

"Shekara ɗaya ce kawai, hasken idona..."

"Shekara ɗaya! Matar da ko juyawa ba ta iyawa sai na juya ta?"

"To ni in yi yaya? In ce wa su Ribok su mutu? Tare muka ci yunwa fa!"

"Ni ban ce ka bar jitarka ba."

"Kawunki ya ce."

"Kai kuma ka fita ka bar ni da faranti a gaba!"

Ya kama hannunta, ta fizge. Ta yi taku biyu ta dawo da kanta ta kifa kai a ƙirjinsa tana kuka.

"Kada ka tafi, Shan... in ka tafi ba za ka dawo ba. Na san matan Kalkata."

"Ina kika san su?"

"Na ji labari!"

A wurina ta ji, gaskiya.

Ana nan sai ga taimako daga inda ba a zata ba. Kong Daplin, yayar da Lasu take bi, wadda ke haya da mijinta a ƙasan kasuwa, ta fara zarya gidan. Matar da sai ranar Lahadi take leƙo uwarta, yanzu kullum da kwanon wainar shinkafa.

"Auta, ke yarinya ce. Za ki tsufa kina wankin zanin gado?"

"Kong, in na tafi kin san gidan ya bar hannuna."

"Gida! Wa ke maganar gida? Riƙo zan yi miki. Mei uwata ce ni ma, ko a ka ne zan ɗauke ta."

"Da gaske za ki kula da ita? Ba ta son ruwan sanyi. Kuma gadonta ya zauna a jikin taga, tana son ganin itacen lemunta..."

"Haba 'yar ƙanwata! Je ki ga duniya da masoyinki."

Ita ta haɗa mata akwati. Ita ta ba ta rigar sanyinta sabuwa. Ita kuma ta ce, da murya kamar zuma, a bar mata makullin rumbun shinkafa da sarƙar murjanin kakanninsu, kada ɓarayin jirgin ƙasa su sace.

Lasu ta ba ta.

Ranar tafiya da safe, motar da za ta sauke su tashar jirgi ta tsaya daidai rumfata. An ɗaure ganguna a sama. Ribok yana ta duba hanya yana taka ƙafa. Lasu ta fito ta ƙofar baya da akwati, idanunta sun kumbura suntum. Ko sallama ba ta iya yi wa uwarta ba, ta bar ta tana barci.

Shanbor ya karɓi akwatin, sai idonsa ya sauka a wuyanta.

"Ina murjanin?"

"Yana wurin Kong."

"Makullin fa?"

"Shi ma... riƙo ne kawai."

Fuskarsa ta canza.

"Lasu, murjani ba ya zuwa riƙo. Ƙanwar uwata haka ta bayar, kakata a ɗakin haya ta mutu."

"Kong ta rantse mini!"

Ni dai shayi na miƙa musu. Da nake miƙawa na ce, ba da kowa nake ba, ashe lambun ya fi yadda nake zato faɗi, don jiya na ga mijin Daplin da wani baƙo mai tumbi suna ja masa igiyar awo, tun daga katanga har gindin lemu.

Kofin Lasu ya faɗi ya tarwatse.

"Ku shigo mota!" Ribok ya daka tsawa. "Jirgi ba ya jiran soyayya!"

Shanbor bai motsa ba.

"Shan, kada ka yi mini haka," in ji Ribok, muryarsa ta sauko. "Shekarunmu nawa muna jiran yau? Ta shigo ko ta zauna, kai dai ka shigo."

Lasu ta share ido da bakin rigar.

"Ka tafi. Ni ce auta, ba kai ba."

Ta juya ta ruga gida.

Shanbor ya tsaya tsakanin mota da ƙofar gidan. Sai ya miƙa hannu saman mota ya kwance jitarsa.

"In ka sauke ta, ni da kai har abada!"

"Ka gaida Kalkata, Ribok."

Ya bi bayanta. Ni ma na bi, ai ban mayar da rariya ba.

Abin da muka tarar, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ko inuwar Lasu ba ta gama barin gidan ba, an riga an ciro gadon Mei daga jikin taga. Mijin Daplin yana ja, za a kai ta ɗakin ajiye gawayi a bayan kicin. Tsohuwa tana kwance a kai, ta ƙanƙame bargo. Daplin kuwa murjani a wuya, makulli a ƙugu.

"Kong!"

Daplin ta daskare.

"Me... me kika manta?"

"Uwata na manta! Saki gadon nan!"

"Ke da kika gudu da namiji? Kin fita kin fita, gida ya zama nawa! Ko ba haka al'ada ta ce ba?"

"Ko motar ban shiga ba!"

Ihun ya jawo Kawu Lam daga gidan matarsa, yana haki, hula a karkace. Ya dubi gado, ya dubi wuyan Daplin, ya dubi akwatin da ke hannun Shanbor.

"Wato sace ta za ka yi?"

"Na yi niyya, Kawu. Ga ta na dawo da ita."

Ya durƙusa ya kwantar da jitar a gaban ƙafafun tsohon.

"Ka ce ko ita ko Lasubon. Ga ta nan. Murhu yana ci, a saka."

"Shan, a'a!" Lasu ta yi ƙara.

A waje muka ji motar ta tashi. Shanbor ya runtse ido har ƙararta ta ɓace.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki jitar. Wallahi ya nufi kicin da ita. Sai wata murya ta fito daga cikin bargo, siririya kamar zare.

"Lam. Kawo in gani."

Mei ce. Matar da ta yi watanni ba a jin bakinta sai nishi.

Ya kai mata. Ta shafa katakon da yatsunta, har ta taɓa wani rami a gefe.

"Ramin sakata ne wannan?"

"Ƙofar gidan uwata ce, Mei," in ji Shanbor.

Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Maza suna tarewa gidan mata da akwati. Wannan da ƙofar uwarsa ya zo, Lam. Ta ina zai koma?"

"Amma ihun..."

"Ni ce a kwance, ba kai ba. Shirun gidan nan ya fi ihu kashe ni. Daplin, cire abin da ba naki ba. Auta, kawo faranti."

Lasu ta kawo da gudu. Mei ta ɗauki ganye, ta shafa farar ƙasa, ta ɗora goro. Naɗin ya ƙi naɗuwa, yana ta warwarewa a hannunta. Babu wanda ya yi gigin taya ta. Da ya naɗu, ta miƙa wa Shanbor.

Ya karɓa hannu biyu. Yana tauna, hawaye na bin haɓarsa.

"Ka daina kuka mana," Lasu ta raɗa masa, ita ma tana yi.

"Yaji ne."

"Maƙaryaci!"

Da na koma rumfa sai na tarar da Arki zaune a kan gangarsa a bakin hanya. Ashe a kwanar farko ya diro. Ya ce shi dama mota tana sa shi amai.

Ribok ya yi suna a Kalkata, mun sha jin sa a rediyo, kuma bai sake yi wa Shanbor magana ba. Shanbor bai taɓa taka Kalkata ba. In an sako muryar abokinsa, sai ya tashi ya tafi ba lemu ruwa, ko da ana tafka ruwan sama.

Bayan biki Shanbor da Arki suka sake tayar da ƙungiyar a rumfar itace da ke ƙarshen lambu, daidai inda aka ja igiyar awo. Mai waƙar da suka samu kuwa kun san ta, ita ce mai murjani a hoton da ke bangonku.

Ranar gwajinsu na farko suna cikin yi sai Shanbor ya tuna da mara lafiya, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Sai muka ji sanda tana dukan tagar Mei daga ciki, ƙwanƙwas, ƙwanƙwas, sai ga siririyar muryarta.

"Wa ya ce ku tsaya?"