Abin da Nafisatu Ta Auna

Nafisatu ta zo hutu gida Matameye, amma aikin jami'a ya biyo ta. Wani gungun taurari mai nisan gaske take nazari. Tana auna iskar gas mai tsananin sanyi da ke cikinsa, wadda daga ita sababbin taurari ke samuwa. Manyan na'urori a ƙasar waje ke ɗauko bayanan, a turo mata.

Ran nan rezo, wato sabis ɗin intanet, ya ƙi a gida. Gab da magariba ta ɗauki ordinatarta, wato kwamfutarta, ta bi hanyar Tsauni, ta zauna kan tudu a bakin fadamar rake.

Bayanai suka fara sauka. Kwaɗi na ta kuka. Can suka yi tsit.

Wari ya fara isowa, na ruɓaɓɓen ƙwai da mushen jaki. Ta toshe hanci da gyale.

Wata tsohuwa ta fito daga cikin raken, ta tsuguna dab da ita. Zaninta sharkaf da wani abu mai yauƙi. Ƙudaje sun rufe mata wuya, ko ɗaya ba ya motsi. Sun daskare.

"'Yata, me kike leƙe?" ta ce cikin raɗa.

"Iska nake aunawa, Inna. Ta can sama."

"Mun sani. Can muke zubar da matattunmu. Kullum idonki na kansu."

Tsohuwar ta sunkuyo kan ordinatar ta buɗe baki. Farin hayaƙi ya fito, gilashin ya yi ƙanƙara ya tsage. Miyau baƙi ya ɗigo a bayan hannun Nafisatu. Sanyinsa ya ƙona ta har ƙashi.

Da ƙyar a'uzubillahi ta fita daga bakinta.

Yatsu masu laima suka kama gyalenta.

Nafisatu ta bar mata shi, ta ruga.

Wani mai kabu-kabu, Bawa, ya tsince ta a bakin titi. Kafin su kai gari sai da ya tsaya ya yi amai saboda warin jikinta.

Ta yi wanka har sabulu ya ƙare. Sati guda ba ta iya haɗiyar fura ba. Ta gaya wa malaminta ta bar gungun nan, shi kuwa ya miƙa aikin ga Fahad, abokin karatunta.

Ta kira Fahad don ta gargaɗe shi. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

"Bari in kira ki an jima," ya ce. "Wani abu ya mutu mini a ɗaki, tun jiya nake nema."