Ɗinki Na Huɗu a Ƙwaryar Saude

Inna Fanta ba ta yi sallama ba. Ta wuce kantar ofishin 'yan sanda, ta tsaya a gaban teburin Insfekta Ubaidullahi, ta doka sandarta a ƙasa.

"Kai ne babba a nan, ko kai ma tsoron kaki kake?"

"Zauna, Inna."

"Ban zo zama ba. An keta wa 'yata haddi a sansanin sojojin da ke kan hanyar Kibiya. Yau kwana uku. Na je, suka ce maganar cikin gida ce, ogansu zai bincika. Gidan wa? Saude a gidansu aka haife ta?"

Insfekta ya ɗauki biro. Saude bazawara ce mai 'ya'ya biyu, tana kai nono sansanin kullum da hantsi. Ran Talata ta dawo ba gyale, ba ƙwarya.

"Ƙwaryar fa, yaya take?"

"Tawa ce, ta uwata ce kafin ni. Ta tsage a baki, na ɗinke da baƙin zare. Ɗinki bakwai. Na huɗu a karkace yake, idona ya soma mutuwa. Rubuta haka."

Ya rubuta. Ta dangwala yatsa.

A rugarsu ta bayan Durba, Saude tana zaune ta juya wa ƙofa baya. Da ƙyar muryarta ke fita.

"Wani kofur ne ya ce in kai nono ɗakin ƙarshe. Ina sunkuyawa in ajiye, aka rufe min fuska da gyalena."

"Kin ga mutumin?"

"A'a. Na ji dai ya ce ko na faɗa, wurinsa ƙarar za ta dawo."

Insfekta ya ja layi a ƙarƙashin wannan magana.

Sansanin wata tsohuwar ma'ajiya ce da aka kewaye da buhunan yashi. Kyaftin Adnan, shugaban wurin, ya tare shi a waje da fara'a.

"Ka wahalar da kanka, Insfekta. Na bincika, na gama. Kofur Khalid ya amsa cewa ya ture ta, shi ke nan. Na ba shi horo, gobe da safe za a ɗauke shi daga jihar nan. Soja a hannun soja ake hukunta shi."

"Wa ya karɓi ƙarar?"

"Ni."

"Wa ya bincika?"

"Ni. Doka ce ta ba ni."

Aka kawo kofur. Yana karanto bayaninsa kamar hadda, idonsa a kan takalmin kyaftin.

"Ka ce ka ture ta, nonon ya zube," in ji Insfekta. "A cikin me yake?"

"Bokitin roba, yallaɓai."

"Wane launi?"

Kofur ya ɗaga ido ya dubi kyaftin.

Insfekta bai ƙara tambaya ba. Ya koma mota ya kira hedkwata, ya nemi 'yan sandan soja, waɗanda ba a ƙarƙashin kyaftin suke ba. Sau uku ana ce masa ya rubuto takarda. A na huɗu ya ce zai rubuta, amma kwafi ɗaya zai tafi wurin mai gabatar da ƙara na jiha. Kafin la'asar wata Manjo Jannatu ta iso ofishinsa da mutum biyu.

Da za su tafi sansanin, Inna Fanta, da ke jira a ƙofar ofis, ta shige motar ba wanda ya gayyace ta.

Ɗakin ƙarshe ofishin kyaftin ne, da gado a kusurwa. A kan tebur ga ƙwarya, an zuba makullai da dabino a ciki.

"Ina ka samo wannan?" Insfekta ya tambaya.

"A kasuwar Rano na saya. Ƙwarya ai ƙwarya ce."

Inna Fanta ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ɗan birni! Wa ya taɓa kai ɗinkakkiyar ƙwarya kasuwa? Mu ba ma sayar da ƙwaryar nonon da muka gada wurin uwa, ko yunwa za ta kashe mu. Juya ta, 'yar nan."

Manjo ta zubar da makullan ta juya. Insfekta ya miƙa mata bayanin safe mai ɗauke da yatsan tsohuwar. Manjo ta ƙirga ɗinkin a bayyane. A na huɗu ta tsaya. A karkace yake.

Kofur Khalid, da ke bakin ƙofa, ya fashe da kuka.

"Shi ya ce in turo ta. Shi ya rubuta min abin da zan faɗa. Ya ce in na ƙi, shi zai zauna a kan shari'ata."

Kyaftin ya dubi Manjo, muryarsa a sanyaye, ba nadama a cikinta.

"Na yi. To sai me? Mai tallar nono ce. A bari mu gyara a cikin gida, kamar yadda aka saba."

"Cire bel ɗinka," in ji Manjo.

Aka fito da shi tsakanin mutum biyu. Sojojin da ke shinge suka kawar da kai. Manjo ta sa ƙwaryar a leda, ta liƙa mata lamba.

Inna Fanta ta riƙe bakin ledar.

"A ina za a yi shari'ar?"

"A bariki, Inna. Kotun soja."

"Su waye alƙalan?"

"Hafsoshi."

"Abokansa ke nan. Za a bar ni in shiga?"

Manjo ta dubi Insfekta. Insfekta ya dubi fayil ɗinsa.

Tsohuwar ta saki ledar, ta zagaya, ta buɗe ƙofar motar sojojin, ta zauna daf da kyaftin mai ankwa a hannu. Ta gicciya sandarta a cinya.

"Inda ƙwaryata za ta, nan za ni. Wanda ya isa ya sauke ni."

Direba ya dubi Manjo ta madubi. Sannan ta ce masa ya tayar da mota.