Allon Da Ke Cewa A Shigo

Ranar da abin ya fara, Kubura tana tankaɗe a tsakar gida, rana ta yi ja, kaji suna neman makwanci, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryar garinta. Ta ɗaga kai ba ta ga kowa a katanga ba. Na biyun da ɗuminsa ya faɗo, kamar daga murhu aka ciro shi.

Mijinta Hafizu yana ƙofar gida yana sha'awar aikin hannunsa. Malamin firamare ne a Ajingi, amma zuciyarsa tana wajen haɗe-haɗen wayoyi, duk rediyon da ya mutu a unguwar a ɗakinsa ake farfaɗo da shi. Kwana arba'in ke nan da ya sayo wani allo daga Kano, mai ƙananan fitilu fiye da dubu, marar kauri, yana lanƙwasuwa kamar tabarma. Zauren gidan irin na da ne, zagayayye, allon katako ba ya zama a jikinsa, wannan kuwa ya naɗe bangon tsaf. Ya haɗa masa batir da sola, ya tura masa rubutu daga waya: Maraba da baƙi, ku shigo. Da magariba sai rubutun ya kama, ja da kore, ya taso daga bakin hanya ya zagaya ta bayan zaure, inda babu mai kallonsa sai gonakin gyaɗa da daji. Hafizu bai taɓa tsayawa ta can ya duba ba.

Jifan bai tsaya ba. Aka fara jin tari a rumbun da babu kowa. A yammaci na bakwai 'yarsu Fiddausi, mai shekara goma sha ɗaya, ta je ta zauna a zaure, ta tanƙwashe ƙafa irin na tsofaffi, ta nemi ruwan baƙo da muryar da ba tata ba. Ta daina cin abinci, ta daina gane uwarta. An kai ta asibiti, an ce ba a ga komai ba. Hafizu, wanda ba abin da ke lalacewa ya gagare shi, ya zauna yana kallon 'yarsa tana ramewa, bai san inda zai taɓa ba. Tsoro ya cika shi har ya kasa kuka.

Daga Gaya aka ɗauko Malam Maiwada a babur. Ya zauna gabanta ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gida, sannan yarinyar ta ɗago.

"Wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?" in ji Malam.

"Maigidan," muryar ta amsa a hankali. "Tun kafin a haƙa rijiyar garin nan nake wuce gidaje, ba wanda ya taɓa ce mini shigo. Bangonsa ya yi ta kirana kullum. Ban tsallako katanga ba, Malam. Sallama na yi, yarinyar nan ta amsa."

Malam ya dubi Hafizu, Hafizu ya sunkuyar da kai.

Aka daɗe ana ja-in-ja. Mai muryar ya nemi a bar masa zauren, Malam ya ƙi. Ya nemi yarinyar duk ranar Laraba, Malam ya ƙara karatu har ta yi ƙara. Daga ƙarshe ya ce a ba shi allon, don shi kaɗai ne ya taɓa yi masa maraba. Hafizu ya ɓamɓaro shi, ya naɗe, ya kai bakin gona ya ajiye.

"Zan tafi," in ji muryar. "Amma ba ni kaɗai na karanta ba. Akwai na nesa, suna hanya. Kwana arba'in kada a amsa sallama bayan faɗuwar rana. In aka amsa, ita za su nufa, don na riga na buɗe ta. Su ba sa fita."

Fiddausi ta yi atishawa, ta faɗi a jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Aka sanar da maƙwabta, aka ja wa kowa kunne a gidan. Mutum ɗaya ba a gaya wa ba, Inna Gaji, mahaifiyar Hafizu, wadda shekara goma ke nan ko tsawa ba ta ji, ga shi ba ta fita daga ɗakinta.

Yammaci na tara bayan haka suna zaune a tabarma, Fiddausi tana cin ɗanwake, sai aka yi sallama a ƙofa, murya mai ladabi. Hafizu ya toshe bakin 'yarsa da tafin hannu. Kubura ta ciji mayafinta. Aka sake yi, aka yi ta uku, ba wanda ya motsa.

Sai daga ɗakin ƙarshe muryar tsohuwa ta taso, cike da murna.

"Wa alaikumus salam. Yau kam na ji. A shigo mana."